Piyanon da Gara Ba Ta Ci Ba

Har yau idan na ji warin baƙin mai sai raina ya ɓaci. Ko ta garajin Mato na bi zan tafi kasuwa, toshe hanci nake yi in tsallaka ɗaya gefen hanya, mutane su ɗauka tsabta ce ta yi mini yawa. Ba tsabta ba ce. Haushi ne, na mahaifina ne, kuma ban ga alamar zai huce nan kusa ba.

Sunana Jemima, ina aikin wanki a asibitin mishan da ke garinmu. Yayana Shadrak shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa iya piyano daga Madawa har Keita. Kada wani ya ce son kai ne. Ku je ku tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar majami'armu da yamma.

Piyanon na katako ne, na gaske, mai tsayi kamar rumbun ɗaka, ba irin na roban nan da ake saka wa batir ba. Wata baturiya ma'aikaciyar jinya ce ta kawo shi tun ba a haife mu ba. Malama Lahadi ake kiranta, don ranar Lahadi ta iso garin. Ita ta kama Shadrak yana yaro yana latsa haƙoran abin a ɓoye, maimakon ta kore shi sai ta zaunar da shi. Ta koya masa waƙoƙin sujada, ta koya masa yadda ake buɗe cikinsa a ɗaure wayoyin da wani ɗan ƙarfe mai baki har sautin ya daidaita. Da ta tsufa za ta koma ƙasarsu, ta bar wa majami'a piyanon, ta bar wa Shadrak ƙarfen ɗaurin.

Abin da ba ta koya masa ba, shi ne ya zama abincinsa. Wani direban asibiti ya ba shi aron kaset na kiɗan turawa da suke kira rok, shi ke nan yaro ya haukace. Ya daina zama idan yana kiɗa. A tsaye yake yi, hannun hagu yana kirɓa kamar mace ta samu turmi, na dama yana gudu, shi kuma yana wage maƙogwaro. Da Hausarmu yake waƙa, kuma shi yake tsara abinsa. Ya yi wa albasa da ta ruɓe a bakin hanya tana jiran babbar mota. Ya yi wa matan Keita da suka jera duwatsu a kan tudu don su tare ruwa. Ya yi wa mazan Azarori da ke tafiya ci-rani su dawo da rediyo da tari. Ba ya kiran sunan mai kuɗi a waƙa, ba ya roƙo, shi ya sa har ya kai shekara talatin da babur ɗin aro yake yawo.

Dattawan majami'a sun sha zama a kansa. Wai zai fasa kayan Ubangiji, wai wannan kiɗan duniya ne. Sai dai ran Lahadi idan ya sassauta hannu ya ja musu waƙar yabo, su ne masu share hawaye a sahun gaba. A ƙarshe suka ce ya yi haukansa da rana tsaka lokacin da babu taro. Don bukukuwa kuwa ya sayi ƙaramin na roba, sinte, yana ɗaure shi a bayan babur zuwa Buza da Dewule da Tabotaki. Amma kullum cewa yake sinte cin abinci ne, waƙa ba ta zo masa sai a kan katakon nan.

Mahaifinmu Nehemiya shi ne kafintan asibiti da majami'a. Rumfar aikinsa a jikin bangon majami'ar take, ta baya. Kuma Baba, duk da ya karɓi bishara tun yana saurayi, ya bar tsafin gidansu da komai, akwai abu ɗaya da ya taho da shi daga ƙauye ya ƙi saki: kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunan Shadrak. Ba ya zama inda yake, ba ya dubansa ido da ido, ba ya yabonsa ko a bayan ido. Idan yana da magana da shi, ni ko Inna za a aika, “Ki ce ma yaronga kaza,” alhali yaron yana tsaye a bakin zaure yana ji. Ran Lahadi ma can ƙarshen benci yake zama, bayan ginshiƙi, kada a ce ya zo kallon ɗansa. Fasto ya taɓa yi masa magana a kai, ya ce haka ya tarar ana yi. Mu ma muna dariyar abin, muna cewa halin tsofaffi ne.

Bara wata mata mai suna Amira, mai ɗaukar waƙoƙi a wani studiyo a Yamai, ta ji Shadrak a salular wani, an ɗauke shi ta taga. Ta nemo shi. Ta ce masu sinte sun cika Yamai har sun yi yawa, abin da ba ta taɓa ji ba shi ne Ba'adare, mutumin yankinmu, yana dukan piyanon katako haka. Za ta zo da na'urorinta bayan kaka ta ɗauki waƙoƙinsa duka a cikin majami'ar, a fitar da su a faifai. Shadrak ya daina barci sosai don murna. Gari ya ɗauka, har masu cewa kiɗan duniya ne suka fara cewa “yaronmu”. Ban da Baba. Da Inna ta gaya masa, sai ya ce ta miƙo masa buta.

Ana saura kwanaki kaɗan Amira ta iso, Shadrak ya tafi kiɗan biki Keita. Ya dawo da hantsi, ko gida bai shiga ba ya biyo ta wajen aikina, ya ce in zo in ji sabuwar waƙar da ta zo masa a hanya. Muna tura ƙofar majami'a wari ya tare mu, irin na garaji. Piyanon yana inda yake, amma ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, an ɗora ƙafafunsa a kan gwangwanaye, an share gefensa tas.

Shadrak ya tsaya. Ya taɓa jikin katakon, ya dubi yatsansa. Sannan ya cire murfin gaba da sauri.

Ban san cikin piyano ba, amma ko ni na ga ɓarna. Akwai wani katako mai kauri a sama da aka kafa ɗaruruwan turakun ƙarfe a ciki, kowace waya a naɗe take a turkenta. An bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya an ɗiga musu mai, da haƙuri, da tsari, ba a tsallake ko guda ba. Man ya tsuma katakon, ya gangaro kan ƙananan gudumomin da ke dukan wayoyin, ulun da ke kansu ya jiƙe ya yi baƙi.

Ya latsa haƙori ɗaya. Wani sauti ya fito kamar an doki ƙwarya mai ruwa. Ya latsa uku tare, sai da na toshe kunne. Ya zaro ƙarfen ɗaurin daga jaka ya ɗaure waya ɗaya, sautin ya hau daidai, yana sakin hannu turken ya juya da kansa ya koma. Ya sake ɗaurewa, ya sake kwancewa.

“Yaya, mi na na?” na tambaye shi. “Ba a gogewa?”

“Bushewar katakon ita ka riƙe da turakun,” ya ce, muryarsa a ƙasa. “Yanzu ya sha mai har zuciya. Ko shekara goma anka yi ana gogewa ba shi sake riƙo.”

“Wa yay yi wanga aiki?”

Ba sai an faɗa mini ba. Duk ƙofar da ke asibitin nan, duk azarar da ke rufin majami'a, baƙin man da aka juye daga mota ake shafa musu don gara, kuma mutum ɗaya ne yake shafawa da irin wannan tsari.

Na fita kamar an jefa ni. Baba yana rumfarsa yana goge wani benci, yana ɗan murmushi a ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gano. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai.

“Baba, kai kas sa ma piyano mai?”

“Kun gani ke nan,” ya ce. “Gara ta hwara hawan bango ta bayanai, na ga ƙasatta. Baƙi za su zaka daga Yamai, a iske kayan mutane da gara? Sai da niy yi yini biyu kansa. Har ƙusoshin ciki, duk sun yi tsatsa, ban bar ko guda ba.”

“Ka kashe shi, Baba.”

“Ke, riƙe bakinki. Mi nik kashe?”

“Piyanon! Ba shi sake kuka daidai har abada. Ƙohwa ta da za ka shahwa mata mai? Kai ba ka tambaya? Mai abin yana gidanka, tuwo guda kuka ci, ɗaki da ɗaki, kuma ka kasa buɗe baki ka ce mai, wane, in sa ko in bari?”

Shadrak ya iso ya tsaya a wajen rumfar, nesa kaɗan, inda ya saba tsayawa. Baba ya gan shi da wutsiyar ido ya juya masa ƙeya. Murmushin ya tafi.

“Ki ce ma yaronga,” ya ce, “in wankewa aka yi, akwai omo da kananzir.”

“Ga shi nan tsaye! Hwaɗa mai da bakinka!”

“Jemima, bari,” in ji Shadrak. Ya juya ya tafi.

Na so ya yi ihu. Na so ya ɗauki guduma ya farfasa bencin nan, ko a samu magana ta shiga tsakaninsu ko da ta faɗa ce. Ina! Wannan ya yi shiru don kunya, wancan ya yi shiru don ladabi, ni kaɗai aka bari ina haushi kamar karyar unguwa. Matambayi ba ya ɓata, kowane yaro ya san wannan, amma dattijo mai furfura ya gwammace ya yi yini biyu yana ɓarna da ya yi wa ɗansa tambaya ɗaya.

Ba irin ƙoƙarin da Shadrak bai yi ba kafin baƙin su zo. Ya zuba toka ta tsotse man, ya cusa takarda a gindin turakun, ya fitar da gudumomin ya shanya a rana. Mato na garaji ya zo ya duba ya ce da injin mota ne da ya san ta kansa. Dattawan majami'a suka zo suka yi cirko-cirko, wani ya ce ai niyyar Malam Nehemiya mai kyau ce, Allah yana duban zuciya. Na ce masa Allah yana duban zuciya, amma Amira kunne za ta kawo. Inna ta ce in bar rashin kunya. Na ce kunyar ce ta kai mu nan.

Amira ta iso da mota cike da wayoyi da akwatuna. Mace ce mai kirki, ban ga laifinta ba. Shadrak ya ɗaure wayoyin gaba ɗaya da safe, ya ce ko waƙa ɗaya a samu. Ya fara ta albasa. Baitin farko ya fita, har na ji tsigar jikina ta tashi, na ce ko Allah ya dube mu. Kafin ya kai amshi sautin ya fara zamewa ƙarƙashin hannunsa, yana bin sa da murya yana gangarawa, har abin ya koma kamar kukan jaki. Yaran da ke taga suka fashe da dariya. Ya tsaya, gumi yana zuba, ya rufe murfin a hankali.

Ta ce a gwada da sinte. Ya jona, ya yi waƙa biyu. Daidai ya yi su, babu kuskure, amma ni da na san shi na san gangar jiki ce kawai a wurin. Amira ta cire abin kunnenta.

“Bon,” ta ce, “muryarka tana nan, waƙoƙin ma suna nan. Amma ba wannan na zo ɗauka ba, kai ma ka sani. Wanda zai canza katakon nan, ni dai ban san shi ba a ƙasar nan. Ka ci gaba da rubutu. In na samu wani piyanon a Yamai zan kira ka.”

Suka naɗe wayoyinsu suka tafi tun rana ba ta yi sanyi ba. Baba yana rumfarsa duk tsawon lokacin, ko ƙarar zarto ba a ji ba.

Bayan sati Shadrak ya sayar da sinte. Ya ce zai bi mutanen Azarori zuwa Abija, can bakin teku, an ce ana samun aikin dako a tashar jirgin ruwa. Na same shi yana cusa kaya a jaka, na zauna a kan jakar.

“Kai da kay yi ma masu ci-rani waƙa, kai za ka bi su? Matar ta ce za ta kira. Ko ba ta kira ba, hannunka anka sa ma mai?”

“Ba piyanon ba na, Jemima,” ya ce. “Shekara nawa ina kiɗi, bango guda tsakanina da shi? Kullum ina cewa yana ji, kunya ta ka hana shi magana. Ashe katako yaka gani. Abin da nib ba raina duka, shi wurinai ƙohwa ta da gara ka so ta ci. In wanda yah haihe ni bai ji komi ba cikin shekarun ga, wa nika ma wahala?”

Ni ma haka na ɗauka, sai na tashi daga kan jakar.

Ranar tafiyar ya fita da sassafe zuwa tashar Madawa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ya yi sallama, aka amsa daga ciki da “A sauka lahiya,” ba a ɗaga labule ba. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Baba a wajen wankina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in zo. Na bi shi ina kumbure-kumbure har cikin majami'a. Ya buɗe murfin piyanon, ya sa yatsansa mai kaushi ya latsa haƙori ɗaya.

“Ba haka yaka kuka ba,” ya ce. “Wanga, nan yake.” Sai ya yi sautin da hanci, siriri, daidai.

Na tsaya ina kallonsa. Daga wannan sautin ya wuce, a hankali, idonsa a ƙasa. Waƙar matan Keita ce. Ya yi ta tun daga farko, da kalmominta, har wurin da Shadrak yake tsayawa ya ja numfashi shi ma ya tsaya. Ya shiga ta albasa. Ya shiga wata da Shadrak ya yi tun yana lakkwal, wato makarantar boko, wadda ni kaina na manta da ita. Tafin hannunsa yana buga gefen katakon, yana yin aikin hannun hagu.

“Duka ka san su?” na ce.

“In ya hwara, aje zarto nika yi.”

Wani zai ce a nan zuciyata ta yi sanyi. Wallahi tafasa ta yi. Shekara da shekaru mutum yana ajiye aikinsa yana saurare a bayan bango, ya haddace komai, ya bar ɗansa yana zaton da dutse yake magana! Na zaro salula na kira Shadrak. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar tasha, ya ce motar ta kusa cika.

“Baba, ran wanka ba a ɓoyon cibi,” na ce. “Ga shi. Ka yi mai baiti guda, ko ka ce mai ka ji. Kalma guda, shi sauko daga motar ga.”

Na danƙa masa salular. Ya riƙe ta da hannu biyu ya kai kunne. Ina jin muryar Shadrak ƙarama tana cewa, “Alo? Jemima? Alo?” Leɓen Baba ya motsa. Ya daɗe haka, sannan ya miƙo mini.

“Ki ce mai shi riƙa shan ruwa a hanya.”

Na fizge salular. “Yaya, Baba ya san waƙoƙinka duka! Yanzu yag gama rera min su, har ta lakkwal. Sauko, don Allah sauko!”

Muryar Shadrak ta zo ta cikin ƙarar masu talla.

“Shi yac ce a hwaɗa min, ko ke kic ce?”

Na sake kai salular bakin Baba, har tana taɓa gemunsa. Hawaye yana bin fuskarsa, amma ya juya ta wajen bango. Na ji an buga ƙofar mota, na ji inji ya tashi.

“To,” in ji Shadrak. “Ki gaida Inna.” Ya kashe.

Amira ta kira bayan watanni, ta ce ta samu piyano a wata makaranta. Na ba ta lambarsa ta Abija, ta ce ya gode mata, ya ce ya bari.

Ni kuwa har yau ina kai wa Baba tuwonsa, ina wanke masa kaya, ban rage masa komai ba. In ajiye kwano in fita. Idan yana da magana da ni, ya aiko Inna.